Jini a Matsayin Magana: Nazari a kan Wata Fasahar Zamani

Akwai wata irin fasaha wadda darajarta ba ta rataya ga kyan zane ba, sai ga ma'anar da mai aikin ya nufa. Waɗansu masu yinta sukan ɗauki abin da jiki ke fitarwa su mai da shi kayan aiki. A 1972 Judy Chicago ta shirya makewayi cike da ƙunzugu mai launin jinin haila a Los Angeles ta Amurka. A 2011 kuma Zanele Muholi ta nuna zane-zanen da ta yi da jinin hailarta a Afirka ta Kudu, domin tuna matan da aka yi wa fyaɗe. Manufarsu ita ce a tilasta wa ido ganin abin da baki ke kunyar faɗa.

Ra'ayinmu shi ne, ba a auna wannan aiki da mudun wata ƙasa. Mu duba ƙauyuka irin su Kutawa, a yankin Dutsin-Ma da Kurfi. Almajirin da ya karanta Ahalari ko Risala ya ji babin haila da janaba a zaure, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ashe abin da ake kunya ba sunan ba ne, wurin faɗarsa ne.

Sa'an nan, a al'adar da, an san baje jini a ƙasar Hausa. Kashegarin tarewa tsofaffi sukan duba farin ƙyallen amarya, in an ga shaida a rangaɗa guɗa. Amma wannan jini bai rushe wata doka ba, ƙarfafa ta ya yi, kuma yarinyar ba ta da ta cewa.

Inda matan Hausawa suka keta kunya da kansu, da harshe suka yi. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta yi haka a waƙoƙinta na amada, tana kiɗan ƙwarya a tsakiyar mata.

Saboda haka tambayar da ta kamaci malami ya koya wa ɗalibansa ita ce: jinin wa aka nuna, wa ya nuna shi, kuma da yardar wa? Wanda ya tsaya ga ƙyama kaɗai bai yi nazari ba. Haka nan wanda ya yaba don kurum abin ya girgiza mutane.