Asibiti, Makaranta da Addini: Sharhi a kan Littafin Shobana Shankar da Abin da Yake Nunawa Game da Rido

Gabatarwa

A shekarar 2014 Maɗaba'ar Jami'ar Ohio ta Amurka ta fitar da littafin masaniyar tarihi Shobana Shankar mai suna Who Shall Enter Paradise?, wato "Wa Zai Shiga Aljanna?" Littafin ya bi diddigin asalin Kiristanci a ƙasashen Musulmin Arewacin Nijeriya daga wajejen 1890 zuwa 1975. Wannan maƙala za ta auna hujjojinsa, ta nuna inda ya dace da inda ya gaza, sannan ta gwada sakamakonsa a kan Rido, garin da ke maƙwabtaka da matatar mai a Ƙaramar Hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna.

Abin da littafin ya ƙunsa

Tarihin da aka saba ji shi ne na Turawan mishan su kansu. Ana ambaton Walter Gowans na ƙungiyar SIM wanda ya mutu a Girku a 1894, da ayarin Bishof Tugwell wanda Sarkin Kano Alu ya sallama a 1900, da Dokta Walter Miller wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905 kafin mishan ɗin ta koma Wusasa a 1929. Shankar ta karkatar da kallo daga waɗannan zuwa ga talakawan da suka shiga hannunsu: 'yantattun bayi, da marayu, da fatake, da sojoji, da masu ciwon kuturta. Ra'ayinta shi ne, Kiristanci ya sami gindin zama a Arewa ta hanyar tafiye-tafiye da neman magani da karatun boko da neman abin yi, fiye da ta hanyar wa'azi a bainar jama'a, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita a masarautun Musulmi.

Babi mafi armashi shi ne na sansanonin kutare. A shekarun 1930 hukumomin En'e na Kano da Katsina da Sakkwato suka bai wa SIM damar gudanar da sansanonin Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. Marubuciyar ta nuna cewa sarakuna sun kalli wannan aiki a matsayin jinƙai ga marasa galihu, su kuwa 'yan mishan sun kalle shi a matsayin ƙofar da aka daɗe ana rufe musu. Mai ciwo yakan shafe shekaru a sansani, 'ya'yansa kuma su tashi a hannun ma'aikatan mishan, su koyi karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka kammala fassararsa a 1932.

Inda littafin ya dace

Babbar fa'idar aikin ita ce ya rushe zaton cewa kowane Bahaushe Kirista saye aka yi da kuɗi, ya kuma rushe zaton 'yan mishan cewa hujjar tauhidinsu ce ta rinjayi mutane. Abin da ya fito fili shi ne, wanda danginsa suka ƙyamace shi saboda cuta ya tarar da wanda zai wanke masa gyambo. Wannan darasi ne mai ɗaci ga ɗalibin ilimin da'awa, domin shari'a ta riga ta tanadi zakka da waƙafi da kason waɗanda ake lallashin zukatansu, kamar yadda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta zayyana. Giɓin da mishan ta cika giɓi ne na aiki da hukunci, hukuncin kansa yana nan.

Inda ya gaza

Da farko, mafi rinjayen madogarar littafin takardun mishan ne da na gwamnatin mallaka da hirarrakin da aka yi da Kiristoci. Saboda haka ana jin muryar sarki ta bakin Razdan, muryar malamin zaure kuwa ba ta fito yadda ya kamata ba. Alhali kuwa malaman Daular Usmaniyya sun yi rubutu mai yawa game da muwalati da hukuncin zimmi da hijira, tun daga Bayanu Wujubil Hijra na Shehu Usmanu har zuwa risalar Wazirin Sakkwato Buhari bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Ba za a fahimci dalilin amincewar sarakuna da likitan Nasara ba sai an san yadda fiƙihun Malikiyya ya bambanta neman magani wurin wanda ba Musulmi ba da miƙa masa tarbiyyar yaro.

Na biyu, kiran aikin mishan da sunan sadaka yana buƙatar taka-tsantsan. Sadaka a Musulunci ibada ce mai sharuɗɗan niyya, kuma aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta hana ɓata ta da gori. Maganin da ake haɗa shi da halartar addu'ar safe, ga mara lafiyar da ba shi da wani wurin zuwa, yana ɗauke da matsin da ya kamata a kira shi da sunansa.

Na uku, littafin ya fi karkata ga Kano da maƙwabtanta, ya kuma tsaya a 1975. Wannan ya bar kudancin tsohon Lardin Zazzau a gefe, inda labarin ya sha bamban.

Gwaji a kan Rido

Rido tana cikin ƙasar Gbagyi, mutanen da Hausawa ke kira Gwari. SIM ta yi aiki a tsakanin Gbagyi a wurare irin su Paiko da Kuta da Karu tun farkon ƙarni na 20, ba tare da irin takunkumin da ta fuskanta a biranen sarakuna ba. A nan mishan ba ta buƙaci fakewa da sansanin kutare ba: makarantar firamare da ɗakin shan magani da majami'a suka tashi tare. Yunƙurin Sardauna Ahmadu Bello na musuluntar da jama'a a tsakiyar shekarun 1960, bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, ya zo da kyaututtuka da ziyarce-ziyarce, amma kisansa a Janairun 1966 ya yanke shi kafin a kafa isassun malamai mazauna.

Buɗe matatar mai a 1980 ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa da dama, sai Rido da Mararrabar Rido suka cika da baƙi. Rikicin shari'a na 2000 da rikicin 2002 kuma suka sa kogin Kaduna ya zama kamar iyaka, Musulmi da yawa suka koma arewacinsa, Kiristoci suka gangaro kudu. Musulmin da ya rage a irin waɗannan unguwanni yana cin kasuwa ɗaya da maƙwabcinsa Kirista, amma sau da yawa makaranta mafi kusa da shi ta coci ce. Tambayar da Shankar ta yi game da Yadakunya ita ce ke gaban uban da ke neman inda zai sa ɗansa a yau.

Kammalawa

Littafin ya cancanci shiga manhajar nazarin addinai a jami'o'in Musulunci, da sharaɗin a karanta shi tare da rubuce-rubucen malaman Sakkwato da Kano da Zariya. Ya kamata kuma ɗaliban digiri na biyu da na uku su tattara tarihin baka daga limamai da dattawan Gbagyi Musulmi da Kirista a Chikun tun suna raye. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga wanda bai yaƙi Musulmi ba, aya ta 46 ta Suratul Ankabut kuma ta tsara ladabin jayayya da Ma'abota Littafi. A kan wannan tushe Imam Muhammad Ashafa ya yi aikin sulhu da Fasto James Wuye a Kaduna. Abin da ya rage ga masu hali da cibiyoyin zakka shi ne su gina makarantu da asibitoci a kudancin kogi, waɗanda za su karɓi kowa ba tare da sharaɗi ba. Allah ne mafi sani.