Faɗaɗa Tsofaffin Gadoji a Arewacin Zamfara: Abin da Ake Ɓatawa Kafin a Tuntuɓe Mu

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta nufi Moriki da Shinkafi, ko kuwa wadda ta bi ta Zurmi da Gurbin Ɓore ta faɗa Jibiya, balle rassan da ke shiga ƙauyuka, ya san irin gadar da nake nufi. Siririya ce, an yi ta a zamanin da mota ba ta da yawa. In babbar mota ta hau, mai babur da mai amalanke da yarinya mai tallar nono sai su raɓe su jira, in kuwa ba su jira ba, sai abin da Allah ya yi. Saboda haka tun daga farko ina son mai karatu ya san matsayina: faɗaɗa irin wannan gada wajibi ne, kuma babu wani kayan tarihi da ya kai ran mutum ɗaya daraja. A 'yan shekarun nan ma da ɓarayin daji suka addabi ƙasar Zurmi da Shinkafi, duk wurin da ke tilasta wa direba ya rage gudu ya zama wurin fargaba. Sukar da zan yi ta shafi yadda ake gudanar da aikin ne, da kuma yadda mu masu kiran kanmu masu kishin tarihi muke zuwa a makare.

Kuskuren farko da muke yi shi ne mu ɗauka gadar kanta ita ce tarihin. Galibin gadojin mota na wannan yanki siminti ne da rodi, kuma ba su girmi dattawan da ke bi ta kansu ba. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a shekarar 1929, daga nan ne fataucin gyaɗa da auduga da fatu ya buɗe, aka shiga gyara hanyoyin mota domin kawo kaya tasha. Amma injiniyan da ya zo kafa gada bai ƙirƙiro wurin ƙetarawa ba. Inda ya tarar mutane da jakai da raƙuma suna ƙetarawa, nan ko kusa da nan ya kafa, domin ayari ya riga shi sanin inda gaɓa take da ƙwari da inda ruwa ba ya da zurfi. Wato mashigin ya girmi gadar da ɗaruruwan shekaru. A bakin mashigi ake samun zango, da rijiya, da tsohuwar tsamiya, da kushewar matafiyan da ajali ya riska a hanya, a kan tudun da ke kusa kuma sau da yawa akwai kufai.

Ƙasar da ke tsakanin Gulbin Gagare da Gulbin Bunsuru ba ƙaramar ƙasa ba ce a tarihi. A Dutsi, cikin ƙasar Zurmi, Zamfarawa suke cewa sarautarsu ta fara, kuma manyan kaburburan da ake dangantawa da sarakunan farko suna can. A ƙasar Zurmi aka yi yaƙin Fafara a shekarar 1806, inda Namoda ya yi suna, shekara biyu kafin faɗuwar Alƙalawa a 1808. Baturen nan Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 a tafiyarsa ta ziyartar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato, Barth kuma, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Duk waɗannan, da mayaƙa da fatake da almajirai, sun ƙetare gulaben nan ne ba tare da gada ba. Wanda ke son ya san hanyar da suka bi, a bakin ruwa zai nemi sawunsu.

To a nan ne aikin faɗaɗa gada yake yin ɓarnarsa, kuma ba a kan gadar yake yin ta ba. Kafin a taɓa ginshiƙi ko ɗaya, sai an share gefen hanya, an buɗe hanyar wucin gadi da za ta ratsa gulbi, an kafa sansanin ma'aikata, an kuma nemi inda za a ɗebo ƙasar ciko. Ɗan kwangila yana son tudu mai kusa da aiki domin ya rage kuɗin man tifa, ba shi da laifi a wannan lissafi. Sai dai mutanen dā ma tudu mai kusa da ruwa suke zaɓa su kafa gari. Abin da ya sa ke nan katafila ta fi afka wa kufai da tsohuwar makabarta fiye da yadda mutum zai zata.

Wannan ba labarin wani nake bayarwa ba. Lokacin da nake aikin gwamnati an taɓa sa ni cikin kwamitin ƙiyasta diyya na wani aikin hanya da ya haɗa da sake gada. Takardar da aka ba mu tana da gurbin gida, da gurbin gona, da gurbin itatuwa masu amfani, irin su ɗorawa da mangwaro da giginya, kowanne da farashinsa. Muka ƙirga, muka rubuta. Wani dattijo ya biyo mu da sandarsa yana nuna mana wani tudu, yana cewa, "Ranka ya daɗe, nan garin kakanninmu ne, kafin su koma inda muke yanzu." Na tambaye shi ko akwai mai gona a wurin, ya ce babu, ba a noma shi. Na ce to ai babu wanda za a biya. Na sa hannu. Bayan kamar wata guda na komo na tarar an cinye rabin tudun, ga tsingaro da kashin maƙera da guntayen dutsen niƙa a cikin ƙasar da aka shimfiɗa aka danne. Na tsinci kashin maƙera guda ɗaya na sa a aljihu. Ban kai rahoto ko'ina ba, domin a lokacin ban ma san akwai inda ake kaiwa ba.

Alhali kuwa doka tana nan. Tun 1979 aka kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa da doka mai lamba 77, a 1992 kuma aka yi doka mai lamba 86 wadda ta wajabta binciken illar da manyan ayyuka za su yi wa muhalli kafin a fara su. Matsalar ita ce irin wannan rahoto yakan zama cika sharaɗi kawai. A ganina, rahoton da wanda ya rubuta shi bai zauna da mai gari da limami da sarkin ruwa ba, bai cancanci sunan bincike ba, ko da shafinsa ɗari uku ne.

Abin da ya faru a Kano ya isa misali, ko da yake ƙofa ce ba gada ba. A shekarar 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa, ɗaya daga tsofaffin ƙofofin birnin, domin faɗaɗa titi, shekara uku kacal bayan an shigar da ganuwar Kano cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Cunkoso a wurin gaskiya ne, babu mai musu. An yi ta ƙorafi a jaridu, daga baya aka gina wata ƙofa mai faɗi a wurin, amma ginin ƙasa na asali ya tafi. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: yawancin maganar da muka yi, bayan rusau muka yi ta. Idan haka ta faru da abin da kowa ya sani a tsakiyar birnin Kano, ina ga kufan da ba shi da suna a takarda a bakin Gagare?

Abin mamaki, mun taɓa nuna cewa mun iya adana gada in mun ga dama. Ƙaramar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙafa da aka kafa a Zungeru a 1904 zamanin Lugga, an kwance ta an kai Kaduna an sake ɗaurawa, aka kuma sa ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Ban ce an yi laifi ba. Amma abin lura ne cewa ƙarfen Gwamna ya sami wannan gata tun kafin samun 'yancin kai.

Game da namun daji, kada mu yaudari kanmu. Giwa ta daɗe da barin dajin Rugu, cikin shekarun 1980 ma wasu suka tsallaka dajin Baban Rafi kudu da Maraɗi. Abin da ya rage mana a bakin gulbi ƙanana ne, shi ya sa ba a lissafa su. Gulabenmu suna ƙafewa da rani, sai gurabu masu zurfi su rage, kuma sau da yawa ɗaya daga cikinsu yana ƙarƙashin gada, inda ruwa ya daɗe yana ƙwaƙule gindin ginshiƙi. A nan tarwaɗa da ƙananan kifaye ke cin rani, nan zalɓe da balbela ke kiwo, nan guza da tsari ke sauka, nan kuma makiyayi ke shayarwa. In aka cike gurbin da ƙasa don hanyar wucin gadi, ko aka wanke injin kwaɓa siminti a ciki, a yini ɗaya an gama da shi, domin ruwan siminti yana kashe kifi. Tsattsewa da jemagu kuma suna zaune a ƙarƙashin tsofaffin gadoji, abincin tsattsewa da ƙananan jemagu kuwa ƙwari ne, ciki har da masu cin amfanin gona. A birnin Austin na jihar Texas a Amurka, gyaran da aka yi wa wata gada a 1980 ya bar 'yan tsagogi a ƙarƙashinta, jemagu fiye da miliyan ɗaya suka tare a ciki. Da farko mutanen garin sun nemi a kore su, yau kuwa baƙi ke zuwa kallon fitarsu da magariba. Ba na cewa mu yi gada don jemage, amma aƙalla a san suna nan kafin a zuba siminti.

Itatuwan bakin gulbi, kanya da marke da giginya, su ma ba ado ba ne. Saiwarsu ke riƙe gaɓa. In an sare su, ruwa ya ci gaɓar, ya zagayo bayan gadar ya yanke hanya. Haka masu ɗibar yashi da tifa a gindin ginshiƙai suke yi wa gada illar da ta fi ta tsufa. Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin masu tsara aiki kan manta, wato faɗin kan gada rabin tsaro ne kawai, sauran rabin yana ƙarƙashi. Ambaliyar watan Satumba na 2010 a Sakkwato ta yanke gadar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ba rashin faɗi ne ya kayar da ita ba. Gagare da Bunsuru su ne ke haɗuwa a wajen Isa su shiga wannan Gulbin Rima ɗin. Ashe mai kare itacen gaɓa da mai kare ran matafiyi aiki ɗaya suke yi.

Hanyar da na fi gamsuwa da ita, inda tsohuwar gada ke da sauran ƙarfi, ita ce a gina sabuwa a gefenta a bar tsohuwar ga masu ƙafa da dabbobi da amalanke. Ranar kasuwar Shinkafi kowa ya san yawan garken da ke kan hanya, raba su da manyan motoci kuwa ya fi ƙarin faɗin taku biyu amfani. Ba a kuma buƙatar hanyar wucin gadi ta cikin gulbi, tunda motoci za su ci gaba da bin tsohuwar har a gama. Inda injiniya ya tabbatar tsohuwar ta ruɓe, a auna ta, a ɗauki hotonta, a cire allon shekarar gininta in akwai, sannan a rushe. Ba zan zubar da hawaye a kan siminti ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce babu lokacin tambaya. Zaɓen gefen da sabuwar gada za ta zauna, gabas ko yamma da tsohuwar, da wurin ɗibar ƙasa, abu ne da zaman yini biyu da dattawan gari zai warware, kuma kuɗinsa bai kai na man katafila na mako guda ba.

Sai dai injiniya ba zai kauce wa abin da ba a nuna masa ba, nunawar kuwa aikinmu ne. Malaman makaranta, ku kuka fi kowa damar yin wannan, domin babu garin da ba ku da ɗalibi a cikinsa. Ba na cewa a kai yara daji a halin da ake ciki. Yawancin abin da ake nema yana bakin tsofaffi, da dama daga cikinsu ma rashin tsaro ya kawo su cikin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi suna zaune. A tambaye su sunan kowane mashigi, da wanda ke da sarautar ruwansa, da gurbin da ba ya ƙafewa, da tudun da ba a nomawa da dalilin da ya sa. A rubuta a littafi, a ajiye kwafi ɗaya a makaranta, ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a aiko wa wannan hukuma. Dattijon da ya bi mu da sanda ya faɗa mini sunan garin kakanninsa a ranar, ban rubuta ba, yanzu kuma na manta shi.