Yadda Ake Zaunar da Namiji a Gaban Kyamara: Nazari daga Sabon Gari zuwa Samaru

Da wuya ka shiga gidan dattijo a unguwannin Zariya irin su Jushi ko Muciya ko Cikaji ka rasa wani hoto guda, ko dai a rataye a bangon falo, ko a ƙasan akwatin uwargida. Namiji ne zaune a kujera, ya fuskanci kyamara gaba da gaba. Ƙafafunsa biyu a ƙasa, gwiwoyi a ɗan buɗe, tafin hannu kowanne a kan gwiwarsa. Babbar riga ta bazu dama da hagu, an saɓa hannayenta a kafaɗu, hula ta zauna daram. Ana ganinsa tun daga ƙoƙon hula har takalmi, ba a yanke ko yatsa ba. Bakinsa a rufe, idonsa a kanka. Jikoki kan ɗauka haka nan kakansu ya zauna aka ɗauka. Alhali zaunar da shi aka yi, wani ne ya ja kujerar, ya gyara rigar, ya ce a ɗaga haɓa, kuma wannan aiki na gyara mutum kafin a danna kyamara shi ne rabin sana'ar mai hoto. Sana'a ce mai ƙa'idoji, ko da yake ba a taɓa rubuta su a littafi ba, kuma ina ganin muna cikin sakinsu ba tare da mun tsaya mun duba abin da suka ƙunsa ba.

Sabon Garin Zariya ɗan jirgin ƙasa ne. Dogo ya iso Zariya a 1911, Turawa suka ware wuri a wajen ganuwa don ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu, kuma a cikin waɗannan baƙi aka samu masu hoto. Kamar yadda yake a yawancin biranen Arewa, har ma da Yamai da sauran garuruwan Afirka ta Yamma, Yarabawa ne suka fi riƙe wannan sana'a shekara da shekaru. Sun zo da irin zaman da suka saba ɗora manyansu a kai. Wani Ba'amurke mai suna Stephen Sprague ya zauna da masu hoton garin Ila Orangun, ya buga nazarinsa a mujallar African Arts a 1978, inda ya bayyana wannan zama dalla-dalla: fuskantar kyamara, hannu a kan cinya ko gwiwa, jiki duka a cikin hoto, kyamara kuma a ɗan ƙasa don mutum ya cika ido. Abin da ya sa zaman ya karɓi Bahaushe ba boyayye ba ne. Agbadar Bayarabe da babbar rigar Bahaushe 'yan gida ɗaya ne, don haka zaman da ya fito da waccan zai fito da wannan.

A nan ne ya kamata a tsaya, domin duk wanda bai gane rigar ba, ba zai gane zaman ba. Babbar riga ba ta bin surar jiki. Ba ruwanta da ƙugu, ba ruwanta da faɗin ƙirji; ita ke ba mutum sura, shi kuma ya ɗauke ta. Kuma aikinta ba a tsakiya yake ba. Aljihun yana gefen hagu na ƙirji, a can aska biyu ko aska takwas suke gangarowa, tambari kuma yana dama. Madunkan cikin birnin Zazzau, waɗanda aka san su da wannan aikin hannu har wajen ƙasar Hausa, kan shafe makonni ko watanni a kan riga guda. To mai hoton da ya san abin da yake yi ba zai taɓa juya kafaɗar hagun mutum ta bar kyamara ba, don ya san ya binne aikin watanni ke nan. Ka lura da tsohon mai hoto in alhaji ya shigo masa ranar Sallah. Ba ya fara taɓa kyamara. Zai ce, “Alhaji, bismilla, a zauna a bakin kujera, kada a jingina.” Sai ya durƙusa ya ja ƙasan rigar ya baza ta don kada ta dunƙule tsakanin ƙafafu. Ya tashi ya ɗauki hannun rigar na dama ya ninka shi bisa kafaɗa, ya yi wa na hagu haka, ya daidaita su har sai linzamin wuya ya fito sosai. Ya janyo hannun 'yar ciki kaɗan don agogo ya leƙo. In akwai carbi, ya sa a sake shi ya zubo a kan gwiwa, kada a dunƙule shi a tafi. Sa'an nan ya koma baya, ya karkata kai ya duba, ya dawo ya ce, “A gafarce ni, Alhaji,” ya taɓa hular da yatsa biyu. Hula kam ba a taɓa ta sai da neman izini. Fitilarsa kuwa daga gefe yake sa ta, domin hasken da ya zo kai tsaye yakan shafe zare, farar shaddar da ta sha bugu ta koma fari fat ba a ganin komai, fuskar mai ita kuma ta dushe.

Sai maganar fuska. Ana yawan cewa mutanen da ba sa murmushi a hoto saboda kyamarar lokacin tana da nawa, sai an daɗe ba a motsa ba. Wannan bayani ya yi daidai da farkon zamanin hoto, amma bai isa ba, domin kyamara ta yi sauri tun tuni, dattijon Bazazzagi kuwa har gobe in ka ce ya yi dariya sai ya dube ka kawai. Abin da yake nema a gani a fuskarsa shi ne natsuwa da kamala. Washe haƙora a gaban wanda ba abokin wasanka ba, a ganinsa, sakin jiki ne, hoto kuma kowa zai gan shi: suruki, ɗa, bara, baƙo. Labarin zuciya a tambayi fuska, shi ya sa yake tsare fuskar. Dubi hoton Sardauna Ahmadu Bello da ke jikin takardar naira 200, ko hotunan sarakunan Zazzau daga Ja'afaru ɗan Isiyaku zuwa Muhammadu Aminu zuwa Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. A wurin sarki abin ya kai matuƙa, don amawali kan rufe baki ma gaba ɗaya, ido kaɗai ya rage ya yi magana. Talakan da ya zauna a shagon hoto yana ɗiban wani abu ne daga wannan kwarjini, gwargwadon rigarsa.

Kada a ɗauka wannan ce kaɗai tsayuwar da Zariya ta sani. Garin yana da samari iri-iri da ba su taso da babbar riga ba. Akwai kuratan soja, tun da a nan Daffo, wurin horar da su, yake tun 1924. Wanda ya gama horo yakan je ya tsaya ƙiƙam cikin kakinsa, ƙirji a gaba, a wanke masa kati ya aika wa mahaifiya a ƙauye don ta tabbata yana nan lafiya kuma ya zama mutum. Akwai ɗaliban Samaru, musamman bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, waɗanda a shekarun 1970 suka riƙa tsayawa da wando fantalo da suma tuli, ƙafa ɗaya a kan kujera, littafi a hammata. Akwai akawun reluwe da biro a aljihu. Wannan salo bai tsaya a Zariya ba. A Bamako, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, yakan ajiye rediyo da agogo da alƙalami har da babur don mai son hoto ya ara ya riƙe. Malick Sidibé ya bar samari su yi tsayuwar da ransu ke so, ta dambe ce ko ta rawa, kuma wannan aiki ne ya kai shi ga samun babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a 2007. A Yamai kuma an yi Philippe Koudjina. Duka sun gane abu guda: saurayi yakan zo a ɗauki mutumin da yake fatan zama, dattijo kuwa yakan zo a tabbatar da wanda ya riga ya zama, kuma ba a yi musu tsayuwa iri ɗaya.

Hoton da na fi ƙauna a cikin wannan zubi shi ne na abokai biyu. Sun yi anko, sun tsaya kafaɗa da kafaɗa, sun sarƙe yatsu, ko ɗaya ya zauna ɗayan ya tsaya a bayansa ya dafa shi. Babu kunya a ciki, babu abin ɓoyewa, aminci ne kawai irin na mutanen da ke cin tuwo kwano ɗaya. Yau irin wannan hoto ya yi ƙaranci, kuma abin takaici ne, domin kusan shi kaɗai ne wurin da tsohon salon ya bar namiji ya nuna ƙauna a fili.

In mutane suka yi yawa kuwa, tsayuwa takan zama lissafin girma. Babba ya zauna a tsakiya, ƙannensa a gefe, 'ya'ya a tsaye a baya, jikoki a tsugune a gaba. Ɗa ba ya dafa kafaɗar ubansa. A gidajen da ke kunyar ɗan fari, mai hoton da ya ce babban ɗa ya matso ya manne da mahaifinsa zai ga an yi shiru, kowa ya sunkuyar da kai. Wanda ya san gari ba sai an gaya masa ba. Ƙaramin jika yake ɗorawa a cinyar tsoho, nan take fuska ta saki ba tare da an ce a yi murmushi ba.

Yanzu kyamara ta shiga aljihun kowa, kuma samarin da ke ɗaukar hoton biki da na kammala karatu a Samaru da Kongo da PZ sun fi iyayen gidansu na da kayan aiki nesa ba kusa ba. Da yawansu suna da ido. Amma tsayuwar da suke koya wa mutane daga intanet suka kwaso ta, kuma ƙa'idojinta sanannu ne: juya jiki gefe don kafaɗa ta yi faɗi ƙugu ya tsuke, sa hannu a aljihun wando, harɗe hannuwa a ƙirji, jingina da bango, riƙe maɓallin kwat, yi kamar kana gyara agogo, kalli can nesa kamar ba ka san ana ɗauka ba. Duk wannan an tsara shi ne don kwat da wando, tufafin da aka yanka su bi jiki, kuma a kansu yana kyau. Ɗora shi a kan ango mai babbar riga ka ga ɓarna. Ya harɗe hannu, ya rufe aikin da aka biya maƙudan kuɗi a kai. Ya juya gefe, rigar ta zama tulin yadi ba fasali. Ya laluba aljihun wando, ya tattare rigar gefe guda ta ɗage. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Har da abin da ya wuce tufafi: a wurinmu hannu a aljihu gaban manya rashin ladabi ne, ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya har a ga tafin takalmi alamar isa ce, ga shi kuwa hoton bangon surukai zai je ya tsaya shekara talatin. Sai kuma wayar hannu ta ƙara nata. Gilashinta mai kwashe fili ne, abin da ya fi kusa da ita shi take kumburawa, don haka in aka ɗauki mai zaune daga kusa sai gwiwoyi su yi girma kai ya ƙanƙance, in aka ɗauka daga sama kuma dattijo ya koma kamar yaron da ake yi wa faɗa. Tsofaffin masu hoto ja da baya suke yi, su sauke kyamara daidai ƙirjin mai zaune.

Tsohon salon ma yana da nasa laifin, kuma babba ne. Kowa attajiri ya mayar. Maƙeri da mahauci da direban tasha duk sun ajiye kayan sana'arsu a ƙofar shago, wani ma rigar aro ya sa, suka zauna zama ɗaya, har ta kai in ka jera hotunan unguwa guda ba za ka san wa ke yin me ba. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe da allura ko guduma an kwantar da shi a gwiwa kamar bai taɓa aiki ba. A nan samarin yau suna da damar da ta fi ta magabatansu, in za su fita daga shago su sami madunki a zauren da yake ɗinki, su bar shi ya zauna yadda yake zama kullum, riga a cinya, zare a baki. Wannan ma gyara mutum ne, sai dai daga jikin mutumin aka ɗauko gyaran.

Zariya ba baƙuwar wannan muhawara ba ce. A 1958, ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa ƙungiya a kan cewa za su karɓi dabarun da Turawa ke koya musu amma abin da za su zana daga gida zai fito. Masu hoto ba su yi irin wannan zaman shawara ba tukuna, kuma lokaci yana ƙurewa. Tsofaffin shagunan Sabon Gari suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, fina-finan da aka wanke hotuna daga cikinsu suna lalacewa da damina da gara, masu hannun da suka iya ninka riga a kafaɗa suna tsufa.

Saboda haka ina kira ga samarinmu masu kyamara: kafin ku buɗe waya ku nemo tsayuwar da za ku sa ango, ku dubi abin da ya sa a jikinsa, ku tambayi bangon da hoton zai je. Ku nemi tsohon mai hoto a Sabon Gari ku yini da shi ko sau ɗaya, ku ga yadda yake zaunar da mutum. Sashen zane na jami'a kuma ya taimaka ya tattara waɗannan tsofaffin hotuna tun masu su suna raye, su faɗi wane ne a ciki da wanda ya ɗauka.