Teburin Shugaba da Aljihun Talaka: Sharhi a kan Ma'anar Murabus a Siyasar Faransa

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu sharhin siyasa a ƙasar Hausa, wai a Turai da zarar an kama shugaba ya taɓa dukiyar jama'a, kunya kaɗai ta isa ta sauke shi daga kujera. Akan kawo ta ne domin a zungure namu shugabannin, kuma niyyar ba ta da laifi. Sai dai ina ganin kallon kitse ake yi wa rogo. Wannan maƙala za ta auna maganar da liyafa biyu da aka ci da kuɗin gwamnati a Faransa, ɗaya a Paris, ɗaya a yankin da ake mulka daga Lyon. Kafar labarai ɗaya ce, Mediapart, ta tone su duka, amma ƙarshensu ya sha bamban.

François de Rugy ya shugabanci Majalisar Dokokin Faransa daga Yuni 2017 zuwa Satumba 2018, sannan ya zama ministan muhalli. Ranar 10 ga Yuli 2019 Mediapart ta ba da labarin cewa lokacin da yake shugaban majalisa ya shirya liyafa kusan goma a Hôtel de Lassay, gidan da gwamnati ta tanada wa mai wannan muƙami, inda aka sha giyar inabi mai tsadar da kwalba ɗaya kan kai Yuro 500. Tare da labarin aka buga hoton wasu ƙattin jatan landen teku jere a faranti. Bayan haka aka ji an kashe kimanin Yuro 63,000 wajen gyaran gidansa na minista. Ya fito talabijin yana kare kansa, yana cewa shi jikinsa ma ba ya karɓar irin wannan abinci, sai amsar ta zama abin dariya. Ranar 16 ga Yuli ya ajiye aiki, kwana shida kacal da fara maganar.

Abin da masu ba da wannan misali kan tsallake shi ne abin da ya biyo baya. Mako guda da saukarsa, binciken majalisar ya ce bai karya wata ƙa'ida ba, illa dai uku daga cikin liyafofin sun wuce kima, ya kuma yarda zai biya kuɗinsu. Zargin da ya fi nauyi a idon doka wani ne daban, cewa a 2013 da 2014 ya biya kuɗin jam'iyyarsa, kimanin Yuro 9,200, daga alawus ɗin aikin ɗan majalisa. Yau da wuya ka sami Bafaranshen da zai tuna wannan adadi, amma kowa yana tuna farantin. Gani ya kori ji. Kuma hoton ya faɗo a kan miki ɗanye, domin a Nuwamba 2018 ne masu rawayar riga suka cika tituna saboda ƙarin harajin mai, harajin da de Rugy, a matsayinsa na ministan muhalli, ya tsaya yana karewa. Mutumin da ya ce wa direba a ƙauye ya ɗaure ciki, shi ne aka gani a gaban wannan tebur.

A ranar 23 ga Yuni 2022 kuwa, Laurent Wauquiez, shugaban yankin Auvergne-Rhône-Alpes mai hedikwata a Lyon, ya tara baƙi kimanin 90 a fadar La Chaize da ke ƙasar Beaujolais, arewa da birnin. Mediapart ta bayyana a Oktoban shekarar cewa daren ya ci fiye da Yuro 100,000, wato sama da Yuro 1,100 a kan kowane baƙo, a lokacin da mafi ƙarancin albashi bayan cire-cire bai fi Yuro 1,300 da 'yan kai a wata ba. Wannan shi ne ɗan siyasar da a 2011 ya kwatanta dogaro da tallafin gwamnati da ciwon daji, wanda kuma ya gina sunansa a kan iƙirarin tsimin kuɗin yankin. Ofishin mai gabatar da ƙara kan laifuffukan kuɗi ya buɗe bincike, aka shiga hedikwatar yankin a Fabrairu 2023. Hujjarsa ita ce taron na jawo wa yankin manyan mutane masu amfani. Bai sauka ba. Sai a Agusta 2024 ya bar kujerar, shi ma domin ya ci zaɓen majalisar ƙasa, doka kuwa ta hana haɗa muƙaman biyu. Ya kuma zama jagoran 'yan jam'iyyarsa a majalisar.

Da kunya ce ke sauke shugaba, ko yawan kuɗi, da sakamakon bai zo haka ba. Bambancin yana cikin tsarin mulki. Minista a Faransa ɗan amana ne a hannun shugaban ƙasa da firaminista. Ranar da ya zama kaya, ranar za a nuna masa ƙofa, a bar shi ya kira fitarsa murabus domin ya tsira da mutuncinsa. Haka aka yi da Hervé Gaymard, ministan kuɗi, a Fabrairu 2005, bayan jaridar Le Canard enchaîné ta tona cewa gwamnati na biya masa hayar Yuro 14,000 a wata, haka kuma Christian Blanc a Yuli 2010 saboda sigarin Yuro 12,000. Shugaban yanki kuwa yana zaune ne bisa rinjayen majalisarsa, babu wani na sama da zai ji nauyinsa har ya sauke shi. Ke nan murabus yana nuna raunin kujerar mutum fiye da yadda yake nuna tsarkin zuciyarsa. Ko a Nijeriya ministoci ne kan tafi: an sauke Stella Oduah a Fabrairu 2014 bayan maganar motoci biyu masu sulke na Naira miliyan 255, Kemi Adeosun ta yi murabus a Satumba 2018. Gwamna mai rigar kariya da majalisa a aljihu labarinsa daban ne.

A nan nake da ƙorafi a kan salon jaridun kansu, duk da jinjinar da suka cancanta. Labarin da aka gina a kan abin marmari, jatan lande ko sigari ko rigar alfarma, yana horar da mai karatu ya ƙyamaci ɗanɗanon shugaba maimakon ya tambayi ƙa'idar da ta ba shi damar kashe kuɗin. Har zuwa ƙarshen 2017 kowane ɗan majalisar Faransa yana karɓar alawus na fiye da Yuro 5,000 a wata ba tare da an nemi rasit ba. Wannan ya fi duk liyafofin Lassay tsada nesa ba kusa ba, amma ba shi da hoto, don haka ya daɗe bai tayar da ƙura ba.

Ga Bahaushe ma maganar tana da wani lauje cikin naɗi. A nazarinsa na 1974 a kan mutumin kirki, Kirk-Greene ya lissafa karamci da amana da kunya cikin siffofin da Hausawa ke yabo. Shugaban da ke ciyar da baƙi ba abin zargi ba ne a wurinmu. Marowaci ne maroƙa ke yi wa zambo. Saboda haka ba na zaton hoton tebur cike da abinci zai sauke kowa a Kano ko Maraɗi, wataƙila ma ya ƙara wa mai teburin farin jini. Matsalar tana tasowa ne inda karamci ya ci amana, wato mutum ya yi kyauta da abin da aka ba shi ajiya. Malaman jihadi sun san wannan gaɓa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki almubazzarancin sarakunan Haɓe a Kitabul Farƙi, ƙanensa Abdullahi kuma ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano bayan ya ga son duniya ya fara shiga jama'arsu. Ma'auninsu shi ne haƙƙin baitulmali, ba nau'in abincin da ke kan akushi ba.

Idan akwai abin koyi a Faransa, ina ganin yana cikin wani abu marar armashi: dokar 17 ga Yuli 1978 da ta ba kowa damar neman takardun hukuma, da kotunan da ke tilasta bin ta. Wani ɗan jarida ɗan ƙasar Holan, Stefan de Vries, ya nemi rasitan kashe-kashen magajiyar garin Paris ta lokacin, Anne Hidalgo, na shekarar 2017. Ofishinta ya yi ta jan ƙafa har sai da kotun ƙoli ta harkokin mulki ta yanke hukunci a Fabrairu 2023 cewa takardun na jama'a ne. A Lyon ma sai da kotu ta umarci yankin a 2024 ya miƙa sunayen waɗanda suka ci abincin La Chaize, bayan 'yan adawa sun shigar da ƙara. Shekara biyar a Paris, kusan biyu a Lyon, kafin takarda ta fito, kuma babu wanda ya sauka dalilinta. Nijeriya ma tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, amma kuɗin tsaro da gwamnoni ke karɓa kowane wata har yanzu ba a neman rasit a kansa.