Zanen 1972 ya gaza a kan tsoka

Duk wanda ya yi bayoloji a sakandare ya san zanen nan: layi biyu na kitse, furotin-furotin na yawo a ciki kamar ƙosai a kaskon mai. Singer da Nicolson ne suka fito da shi a 1972, kuma gaskiya sun yi ƙoƙari, don sun nuna cewa tantanin da ke lulluɓe ƙwayar halitta ba busasshen bango ba ne. Inda nake da ja shi ne yadda ake koyar da shi kamar ya dace da kowace ƙwaya. A kan tsoka fa, ya gaza.

Ƙwayar tsoka tana tsukewa ta saki sau dubbai a rana. Tantaninta, sakolema, kaurinsa bai kai nanomita 10 ba. To, in yawo kawai furotin ɗinsa ke yi, me ya hana shi yagewa? Akwai wani furotin, distrofin, da ke maƙale a ƙarƙashinsa. Ɓangare ɗaya ya riƙe zaren aktin a ciki, ɗayan ya kama wani gungun furotin da ya ratsa tantanin har ya haɗu da laminin a waje. A ɗaure yake tam, ciki da waje.

Ɗalibin da ya haddace wancan zane ba zai gane cutar Duchenne ba. A 1987 Hoffman da Brown da Kunkel suka gano cewa distrofin ne babu a tsokar masu ita, waɗanda kusan dukkansu yara maza ne. Tantanin sai ya riƙa tsagewa, kalsiyam ya kwararo ciki, sinadarin kiretin kines ya zube cikin jini, shi ya sa ake auna shi a gwaji. Yaro ya yi ta faɗuwa, in zai tashi sai ya dafa cinyoyinsa.

Zanen ya kuma shimfiɗe tantanin kamar tabarma. Ai ba haka yake ba: yana lumewa cikin ƙwayar ya zama ƙananan bututu masu kai saƙon lantarki can ciki, kusa da rumbun kalsiyam.

Nicolson da kansa ya sabunta bayaninsa a 2014, ya ƙara ba irin wannan ɗauri muhimmanci. Amma littattafan da nake gani a hannun ɗalibai har yanzu suna 1972.