Idan sama ta haɗiye kufai: sharhi a kan hotunan dare daga Madawa, Buza da Keita

Wata ƙungiyar al'adu ta matasa ta miƙo jerin hotuna da ƴaƴanta suka ɗauko da dare a kufai da kangaye na ƙauyukan da ke tsakanin Madawa, Buza da Keita, tare da roƙon a duba su a faɗi gaskiya. Roƙo ne da ya cancanci amsa, domin kuwa ba kullum ba ne mai aiki yake ɗauko aikinsa da hannunsa ya ce a auna. Hotunan suna da ƙayatarwa, wannan babu gardama a kai. Amma ƙayatarwa ita ce mafi sauƙin abin da daren ƙasarmu yake bayarwa, ko makiyayi da ya kwana a daji ya san haka. Abin da ya kamata malami ko ɗan ƙungiya ya tambaya shi ne: wannan hoto, shaidar me ya bayar game da wurin da aka ɗauke shi?

Kafin a shiga hotunan ɗaya bayan ɗaya, yana da kyau mai karatu ya san inda wannan salo ya samo asali. Sha'awar kallon kango da dare tsohuwar ɗabi'a ce a adabin Turawa. Wanda ya karanta Faransanci a lise zai iya tuna Volney, wanda a 1791 ya buɗe littafinsa Les Ruines da mutum zaune cikin rusassun ginshiƙan Tadmur ta ƙasar Sham, rana ta faɗi, wata yana fitowa, yana tunanin daulolin da suka shuɗe. Abin da alƙalami ya yi a wancan zamani, kyamara ta gaje shi. A 2007 wani mai ɗaukar hoto ɗan Iran, Babak Tafreshi, ya kafa shirin The World at Night, wanda ya tara masu ɗaukar wuraren tarihi a ƙarƙashin taurari, shirin kuma ya sami karɓuwa sosai a 2009, shekarar da aka keɓe wa ilimin taurari a duniya. Daga nan ne siffar da kowa ya sani yanzu ta bazu: ginshiƙan Farisa ko dalar Masar baƙi ƙirin a ƙasa, taurari sun cika sama. Samarinmu wannan siffa suka gani a salula, ita suka kwaikwaya.

Matsalar ita ce, wannan siffa an ɗinka ta ne daidai jikin ginin dutse. Ginshiƙi ko dala, inuwarsa kaɗai ta isa a gane shi. Mu kuwa yawancin abin da kakanninmu suka gina da ƙasa suka gina shi. Akwai Surame, birnin da Kanta na Kabi ya kewaye da ganuwar dutse a ƙarni na 16, akwai Asode a Abzin da Jado can arewa maso gabas, waɗannan sun bar abin da ido zai kama daga nesa. Amma Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, wanda zuriyar mutanensa suke cike da ƙasar Madawa, ba ta bar ginshiƙi ko ɗaya ba. Kufai a wurinmu ana gane shi ne da tudun da bai yi kama da sauran tudu ba, da tsingaro a warwatse, da ramukan marina, da dutsen niƙa da ya lotsa, da kukoki da suka taru wuri guda a inda babu gida. Duk waɗannan ƙananan alamu ne, suna ƙasa, kuma duhu shi ne farkon abokin gabarsu. Kowace damina tana rage wani abu daga cikinsu, garma tana rage saura. Saboda haka hoton da aka ɗauka bana yana iya zama shi ne shaida ta ƙarshe. Idan mai hoton ya bar wurin cikin baƙi domin sama ta fito, to ya tafi kufai ya dawo bai kawo kufan ba.

Wannan shi ne aibin hoto na farko, wanda na ji an ce shi ƴan ƙungiyar suka fi alfahari da shi. Guntun bango ne a gefen ƙasa, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na hoton ba, sauran duka farin zanen nan ne na taurari da ke ratsa sama, wanda Faransawa suke kira hanyar madara, littattafan Larabci kuma suke kira Majarra. An rina shi da shuɗi da shunayya har ya koma kamar zanen biki. Idon ɗan Adam ba ya ganin wannan launi da dare, fari-fari kawai yake gani kamar hayaƙi. Kyamara tana iya tara ɗan launi idan aka bar idonta a buɗe, amma abin da ke nan ya wuce tarawa, rini ne aka yi a kwamfuta. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi nauyi yana cikin bayanin da aka rubuta a ƙasa: wai daren hunturu ne, a watan Disamba. Alhali kuwa wannan yanki mai kauri na Majarra, wanda yake maƙwabtaka da taurarin Kunama, rana ce take zaune a gabansa a watan Disamba, babu mai ganinsa a ko'ina a duniya. A nan ƙasarmu yana fara fitowa ne gabanin asuba a ƙarshen sanyi, da damina kuma yake tsayawa sama bayan isha'i. Ko dai bayanin kuskure ne, ko kuwa bango daban, sama daban, aka ɗinke su.

Hoto na biyu ya raba gardama a kan ɗinki. Irin wanda ake barin kyamara a kan ƙafa uku tsawon sa'o'i ne, taurari su zana da'ira a kewayen tauraron arewa, domin ƙasa tana juyawa daraja 15 a kowace sa'a. To, akwai wata ƙa'ida da ɗalibin kwalej zai iya riƙewa: tsayin tauraron arewa daga gindin sama daidai yake da nisan mai kallo daga tsakiyar duniya. Madawa, Buza da Keita duka suna tsakanin daraja 14 da 15. Miƙa hannunka ka dunƙule shi, dunƙule ɗaya kimanin daraja 10 ne; ke nan a wurinmu tauraron arewa bai wuce dunƙule ɗaya da rabi ba daga ƙasa, sau da yawa ma hazo yana dusashe shi. A cikin hoton nan kuwa cibiyar da'irar ta haye can sama, wajen dunƙule biyar, wato inda mutumin Paris yake ganinta. An aro saman Faransa an kifa wa kangon Adar. Ban ɗauki wannan a matsayin mugun nufi ba, yaro ya ga manhaja tana yi, ya yi. Amma ƙungiyar da ke cewa tana adana tarihi ba ta da ikon sa sunanta a ƙarƙashin irin wannan.

Abin takaicin shi ne saman da aka yar ya fi wanda aka aro. A daren bazara, wajen Afrilu da Mayu, mutumin Buza yana ganin taurarin nan huɗu da Turawa suke kira gicciyen kudu suna leƙowa bisa tsaunuka, abin da mutumin Paris ba zai taɓa gani daga gidansa ba. Wani bincike na duniya da aka wallafa a 2016 ya nuna kashi ɗaya cikin uku na bil'adama ba sa iya ganin Majarra saboda hasken lantarki, ciki har da kashi 60 cikin ɗari na mutanen Turai. Mu muna da ita kyauta. (Kada dai mu yi tutiya da yawa: wannan duhu ba zaɓarsa muka yi ba, ɗalibin da ke bitar darasinsa da tocila ya fi kowa sani.)

Hoto na uku gajeren bayani ya ishe shi, ko da yake shi ya fi ba ni dariya. Jerin duwatsu ne a gangaren tsauni kusa da Keita, an haska su da tocila, an rubuta «ganuwar mutanen dā». Duk dattijuwar da ke wannan yanki za ta iya gyara wannan bayani, wataƙila ma da hannunta ta jera duwatsun. Jerin tare ruwa ne na babban aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, mata ne suka yi mafi yawan aikin ana biyan su da abinci. Tarihi ne, kuma tarihi mai daraja da ya cancanci hoto. Sai dai a kira shi da sunansa. Da rana babu wanda zai yi wannan kuskure. Dare ne ya mai da kowane tarin dutse tsoho.

Sai na huɗu, wanda aka sa can ƙarshen jeri kamar ana jin kunyarsa, kuma shi ne ya sa na ga sharhin nan ya dace a rubuta. Babu rini a cikinsa. Mai hoton ya fuskanci gabas bayan isha'i a ƙarshen Nuwamba, ya bar wata ɗan kwana biyar a bayansa ta gefe guda. Wannan ɗan haske mai rauni, da yake a karkace yake zuwa, ya bi bangon ya fito da kowane curi na ginin, har ana iya ƙidaya sahu-sahu, ana ganin inda ruwa ya zaizaye gindi da inda aka taɓa yin gyara da wata ƙasa mai launi daban. Tocila ba ta yin haka: tana dukan bango gaba da gaba, ta shafe shi ya koma fari fat. A gaban bangon akwai bakin ramuka uku a jere, waɗanda duk wanda ya taɓa ganin marina zai gane. A dama kuka ce ta zubar da ganye, ƴaƴanta suna reto, a ƙasa ga karan hatsi da aka girbe. A sama kuma Kaza da ƴaƴanta ta ɗaga, a ƙarƙashinta ga taurarin da Abzinawa, irin su Kel Geres na wajen Galma, suke kira Amanar suna fitowa. Taurarin ɗigo-ɗigo suke ba su ja wutsiya ba, alamar bai bar idon kyamara a buɗe fiye da sakan 20 ko 25 ba, gwargwadon abin da madubi mai faɗi yake jurewa. Ka duba: kukar, karan, watan da taurarin duk bakinsu ɗaya a kan lokaci. Manomin da bai taɓa riƙe kyamara ba zai kalli hoton ya ce an gama kaka, sanyi ya kusa. Malamin zaure da ke lissafin taurari 28 na shekara zai nuna Kazar ya ce Surayya ce. A nan sama ba ado ba ce, kwanan wata ce da aka rubuta a kan shaida.

Ko manyan masu wannan sana'a ba kullum suke kaiwa nan ba. Ba'amurkiya Beth Moon ta ɗauki kukokin Botswana, Namibiya da Afirka ta Kudu a ƙarƙashin taurari, ta tara su cikin littafin da ya fito a 2016, aiki ne gwanin ban sha'awa. Amma sunayen da ta raɗa wa hotunan na taurari ne, mai kallo ba zai san wace al'umma ce take zama a inuwar itacen ba, balle abin da take kiran sa. Ɗan Keita ba shi da kayan aikinta, amma yana da abin da ba ta da shi: kakarsa tana nan da rai, ta san sunan kufan.

A nan ne kuma hoto na huɗu ya gaza. Bayanin da ke ƙarƙashinsa kalma biyu ne kacal, «tsohon gari». Wane gari? Su wa suka zauna a cikinsa, Gobirawa ne, Adarawa ne, ko Aznan da suka riga su? Yaƙi ne ya tashe su, ko rijiya ce ta ƙafe, ko sun gangaro kwari ne bayan hare-hare sun lafa? Djibo Hamani bai rubuta tarihin Adar da ya fito a 1975 ba sai da ya zauna gaban tsofaffin ƙasar ya saurare su. Mafi yawan waɗanda ya saurara sun riga mu gidan gaskiya, kuma na bayansu ma tafiya suke. Haka nan kufai ba filin Allah ba ne da kowa zai shiga da tsakar dare. Akwai kaburbura a ciki, akwai iyalan da har yanzu suke ganin wurin nasu ne, akwai masu ganin gindin kuka yana da masu shi. Sallama ga mai gari kafin a kafa ƙafa uku ladabi ne, a wannan zamani na rashin tsaro kuma kariya ce ga mai hoton kansa.

Shawarata ga ƙungiyar ita ce a janye na farko da na biyu, a sake wa na uku bayani a sa sunan aikin da shekararsa. Mai na huɗu kuma ya koma wurin kafin ruwan farko ya sauka, ya tafi da rana tare da wani dattijo na ƙauyen, ya ɗauki bangon ta fuska huɗu da sanda mai tsawon mita ɗaya jingine a jiki domin a san girmansa, ya auna bakin ramukan, ya rubuta sunan wurin yadda mutanensa suke furta shi. Gindin bangon nan, yadda hasken wata ya nuna shi, ya ci sosai ta gefen gabas, inda ruwan damina yake bugowa.