Jinjina ga Akawun Shago

A Kantin Kwari kowa ya san mai shago, amma da wuya a tambayi sunan wanda ke zaune can ƙurya da littafi da biro. Akawu ke nan, kuma shi nake yi wa jinjina.

Rasit ɗin da yaron shago zai yar, shi ke tsincewa ya adana a fayil, wata bayan wata. Na injin POS kuwa, da rubutunsa ke gogewa kafin a ankara, sai ya ɗauki hotonsa tukuna. Yakan raba kuɗin cefane da na kasuwa, maganar da Alhaji mai shago ba ya ƙaunar ji. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a 2020, shafinsa daban.

Ranar da jami'an haraji suka zo, ko aka nemi takardar shaidar biyan harajin shekara uku don neman kwangila, babu gardama, babu rantse-rantse. Sai ya jawo fayil ya buɗe, ya ce, "Ranka ya daɗe, ga shi."